Masu Toshe Kafar Iska: Sana'ar da Ake Yi Inda Ido Ba Ya Kaiwa

A jihar Minesota da ke arewacin Amurka, watan Janairu ba ya wasa da kowa. Sanyi kan sauka har digiri 20 ƙarƙashin sifili a ma'aunin Salshiyos, kuma a garin Tower na jihar an taɓa auna digiri 51 ƙarƙashin sifili, ranar 2 ga Fabrairun 1996. A ƙasa irin wannan, gidan da ɗuminsa ya yanke tsakar dare, mutanen cikinsa suna cikin haɗari na gaske. Shi ya sa sana'o'i da yawa suka tsiro a kan ɗumama gida. Akwai ɗaya daga cikinsu da ba a cika jin labarinta ba, wato sana'ar masu bin bututan iska suna neman inda ɗumi ke sacewa, suna toshewa.

Yawancin gidajen Amurka da Kanada da iska mai zafi ake ɗumama su. Akan girke murhu na ƙarfe, galibi mai aiki da gas, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a gareji ko a saman silin. A jikinsa akwai fanka mai ƙarfi da ke tura iskar da ta ɗau zafi cikin bututai. Bututan su bi ta ƙarƙashin daɓe da cikin bango, su ɓullo a kowane ɗaki ta wata 'yar taga mai raga. Wasu bututan daban kuma su zuƙo iskar ɗakunan su mayar da ita murhu, a tace ta, a sake ɗumama ta. Idan bazara ta zo, bututan nan dai su ke raba sanyin na'urar sanyaya gida. A yawancin ƙasashen Turai ruwan zafi ake zagayawa da shi cikin famfuna, don haka wannan sana'a a Arewacin Amurka ta fi kafuwa.

Tsarin yana da tarihi. Tun a 1895 Dave Lennox ya fara ƙera murhun ƙarfe a garin Marshalltown na jihar Iowa. A Disambar 1919 wata baƙar fata 'yar jihar New Jersey, Alice Parker, ta sami takardar mallakar fasaha a kan murhun gas mai raba ɗumi zuwa sassan gida. Murhunan farko ba su da fanka, iska mai zafi ce ke hawa sama da kanta ta cikin manyan bututai. Sai a shekarun 1930 aka fara haɗa su da fankar lantarki. Daga ranar da fanka ta shigo, iskar cikin bututu ta zama mai matsi, kuma iska mai matsi duk inda ta sami kafa sai ta fita.

Asarar da ba a gani

Shirin Energy Star, wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙaddamar a 1992, ya ƙiyasta cewa a gida na yau da kullum kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da ke bi ta bututai tana zurarewa ta tsaga da ɓula da mahaɗar da ba a haɗa da kyau ba. A ɗauki matsakaicin gida wanda fankarsa ke tura lita 34,000 na iska a minti ɗaya. Idan kashi ɗaya cikin huɗu na sacewa, lita 8,500 ke nan a kowane minti, iskar da aka ƙona gas aka ɗumama, aka biya kuɗinta, tana tafiya saman silin inda ba kowa. Maigidan ya zama kamar mai jan ruwa da ɓulallen guga: ya sha wahalar ja, kafin gugan ya iso baki rijiya ta karɓe rabonta.

Ɓarnar iri biyu ce, kuma gwanin sana'ar yana bambance su. Idan bututun da ke kai ɗumi ɗakuna ne ya ɓule a wajen gida, fanka tana kwasar iska daga ɗakunan fiye da wadda take mayar musu. Gidan sai ya cike giɓin da kansa, ya riƙa zuƙo iskar waje mai sanyi ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga. Idan kuwa bututun da ke mayar da iska murhu ne ya ɓule, to shi zuƙa yake yi. Duk abin da ke kusa da ɓular zai ja: ƙura, danshi, warin ƙasa, burbushin audugar gilashi da ake shimfiɗawa a saman silin don riƙe ɗumi. Daga nan fanka ta raba wa kowane ɗaki rabonsa, har da ɗakin da yara ke kwana.

A ƙasashen dusar ƙanƙara akwai ƙarin masifa. Ɗumin da ya tsere saman silin yana narkar da ƙanƙarar da ke kan rufi daga ƙasa. Ruwan ya gangaro bakin rufin inda babu ɗumi, ya sake daskarewa, ya zama tudu. Ruwan da ke biyowa baya ya rasa hanya, sai ya kutsa ƙarƙashin rufi ya jiƙa bango. Mai gida ya kira mai gyaran rufi, alhali ciwon yana jikin bututu.

Tun ran gini, tun ran zane

Mafi yawan wannan ɓarna tun ranar da aka gina gidan aka dasa ta. Mai gini yakan ba da aikin bututu ga wanda ya faɗi farashi mafi ƙanƙanta, shi kuma don ya ci riba sai ya yi sauri. Mai sayen gida yana duba fenti da tayil da kicin. Babu mai sayen gida da ke rarrafawa ƙarƙashin daɓe da tocila. Da zarar an rufe bango an buga silin, aikin ya shige duhu, kuma zai iya shekara talatin a haka ba wanda ya leƙa.

Masu gyara sun san wuraren da ake yin ha'inci kamar yadda suka san tafin hannunsu. Akwai mahaɗar bututu biyu da aka zura wa juna kawai ba a ɗaure da sukuru ba. Akwai bututun roba mai lanƙwasa, wanda waya ke zagaye da cikinsa, da aka bari ya yi lanƙwasa ko ya saki ciki har iska ta rasa hanya. Akwai giɓin da ke tsakanin bakin bututu da katakon daɓe, wanda ragar taga ke rufewa. Akwai tsofaffin gidaje da ba a ma sa bututun mayar da iska ba, sai aka buga falle na kwano a ƙarƙashin katakan daɓe aka ce ramin da ke tsakaninsu shi ne bututu, alhali wayoyin lantarki da famfunan ruwa sun huda katakan ta ko'ina. Akwai ramin da ake zura matacin iska, wanda sau da yawa ba shi da murfi. Mafi muni shi ne bututun da ya cire gaba ɗaya ya faɗi, yana ta hura ɗumi a saman silin shekara da shekaru, mutanen gida kuma sun haƙura sun ce ɗakin nan dama haka yake da sanyi.

Yadda aikin yake

Mai gyara na ƙwarai da tambaya yake farawa. Wane ɗaki ne ba ya ɗumi? Ƙura tana yawan taruwa? Nawa ake biya na gas a watan Janairu? Akwai ƙofar da ke rufe kanta in murhu ya tashi? Amsoshin nan suna nuna masa inda zai dosa. Sai ya zagaya da tocila yana karanta alamu. Baƙin tabo a jikin audugar da ta lulluɓe bututu shaida ce cewa iska ta daɗe tana ratsawa ta wurin tana barin datti. Yanar gizo-gizo da ke kaɗawa kusa da mahaɗa ita ma tana magana. Wasu suna riƙe ɗan abin da ke fitar da siririn hayaƙi, su kai shi bakin mahaɗa su ga ko za a hure shi ko za a zuƙe shi.

Bayan ido sai awo, kuma a nan ne sana'ar ta rabu da kame-kame. Akan liƙe dukkan tagogin iska na gidan da leda mai gam, a haɗa wata ƙaramar fanka ta musamman a bakin bututu, a hura iska har matsin cikin bututan ya kai faskal 25. Tunda an toshe duk wata mafita ta halak, duk iskar da fankar ke ci gaba da turawa don riƙe wannan matsi ta ɓarauniyar hanya take fita. Na'urar da ke haɗe da fankar sai ta nuna adadinta. Fitacciyar irin wannan fanka ita ce Duct Blaster, ta kamfanin The Energy Conservatory da ke birnin Miniyapolis. Masu sana'ar suna da ƙa'ida da suke maimaita wa masu koyo: a auna kafin a fara, a auna bayan an gama.

Daga nan sai aikin jiki. Ƙarƙashin wasu gidaje tsayinsa bai wuce kamu biyu ba, mutum a kwance yake tafiya, da gwiwar hannu, cikin laka da kashin ɓera. A saman silin kuwa dole ya taka kan katako kaɗai, don in ya kuskure ya taka silin ɗin kansa sai dai a gan shi a falo. Da hunturu yatsu na ƙagewa. Da bazara zafin saman silin kan kai digiri 60, shi ya sa da asuba ake shiga a fito kafin rana ta take. Ga takunkumi a fuska, ga tabarau, ga riga mai rufe jiki duka saboda ƙaiƙayin audugar gilashi.

Tsarin gyaran a jere yake. Da farko a haɗa abin da ya rabu, a ɗaure shi da ƙarfe: mahaɗar bututu mai zagaye tana son sukuru aƙalla 3. Bututun roba kuma a jawo fatarsa ta ciki ta hau wuyan ƙarfe sosai, a ɗaure da ɗamarar nailan, a matse da abin matsewa, a miƙar da shi, a rataye shi a kan madauri masu faɗi don kada ya saki ciki. Sai a goge ƙura da maiƙo, domin babu abin liƙi da ke kama datti. Sannan a zo kan liƙi. Ana fara toshe manyan ɓuloli da waɗanda ke kusa da murhu, inda matsin iska ya fi ƙarfi, domin tsaga ɗaya a wurin ta fi ta ƙarshen layi ɓarna.

Salatif ɗin da ya ci amana

Shekara da shekaru, abin da kowa ke liƙe bututu da shi shi ne wani salatif mai ruwan toka, mai zare a jikinsa da gam na roba. Asalinsa daga Yaƙin Duniya na Biyu ne. A 1943 wata ma'aikaciyar masana'antar harsasai a jihar Illinois, Vesta Stoudt, ta rubuta wa Shugaba Franklin Roosevelt wasiƙa tana ba da shawarar a riƙa rufe akwatunan harsashi da salatif mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsawa. Wani reshe na kamfanin Johnson & Johnson ya ƙera shi. Bayan yaƙi, da aka shiga gina gidaje babu ƙaƙƙautawa, masu aikin bututu suka rungume shi.

A 1998 masu bincike biyu na cibiyar Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya, Max Sherman da Iain Walker, suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa kayan liƙi iri-iri. Sun liƙe mahaɗun bututu, suka riƙa hura musu iska mai zafi da mai sanyi kamar yadda ake yi a gida. Sauran kayan liƙin suka jure. Salatif ɗin nan mai zare shi ne ya riƙa saki, wani ma cikin 'yan kwanaki. Zafi yana busar da gam ɗinsa, ya bar zaren yana reto. Daga baya dokar gini ta Kalifoniya ta hana a liƙe bututu da shi shi kaɗai. Duk da haka har yau masu gyara suna tarar da shi a gidaje, ya bushe ya zama kamar ɓawo.

Abin da gwanaye suka dogara da shi shi ne mastik, wani kwaɓi mai kauri da ake sayarwa a bokiti. Ana shafa shi da buroshi, amma da yawa sun fi son safar hannu, domin yatsa yana jin tsagar da ido bai gani ba a bayan bututu. Kaurin da ake so kamar milimita 2 ne, Amurkawa kan kwatanta shi da kaurin kwabonsu na senti biyar. Idan giɓin ya yi faɗi, sai a fara shimfiɗa raga ta zaren gilashi sannan a shafe ta. Mastik idan ya bushe ba ya tsagewa, yana miƙewa yana tsukewa tare da ƙarfen, kuma yana shekaru masu yawa. Inda za a buƙaci buɗewa nan gaba, kamar ƙofar murhu, akan sa salatif na alminiyom mai ɗauke da hatimin gwaji na UL 181. Bayan liƙi ne ake mayar wa bututu rigarsa ta auduga. Wanda ya lulluɓe bututu bai liƙe ba, ya ɓoye ciwon ne kawai.

Bututan da ke cikin bango, waɗanda hannu ba ya kaiwa, su ma an samo musu dabara. A shekarun 1990 Mark Modera, shi ma a cibiyar Lawrence Berkeley, ya ƙirƙiro hanyar liƙewa daga ciki, wadda ake kasuwancinta da sunan Aeroseal. Akan toshe tagogin iska, a kare murhu, a hura hazo na ƙananan ƙwayoyin gam cikin bututan. Iska ta kwashe su zuwa inda take tserewa, su riƙa maƙalewa a bakin tsagar suna taruwa har ta rufe, kwamfuta tana nuna yadda ɓarnar ke raguwa. Dabarar tana toshe ɓular da ba ta wuce kimanin santimita ɗaya da rabi ba. Bututun da ya cire kuwa, sai mutum ya rarrafa ya haɗa shi da hannu.

Inda rai yake

Abin da ya ɗaga wannan sana'a sama da shafe-shafen gam shi ne haɗarin iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mun san ta a nan gida: ita ce ke kashe masu kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, da masu tayar da janareto a cikin gida. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce sama da mutum 400 ke mutuwa a ƙasar kowace shekara ta dalilinta, ban da na gobara. Idan bututun mayar da iska ya ɓule a ɗakin da murhu ko tukunyar ruwan zafi take, zuƙar da yake yi tana iya juyo da hayaƙin da ya kamata ya fita ta bututun hayaƙi, ya dawo cikin gida. Idan a gareji ɓular take, hayaƙin mota zai ja.

Gyaran kansa yana iya jawo matsala in an yi shi da ka. Toshe ɓuloli yana sauya yadda iska ke zagayawa a gidan, don haka mai gyara na gari ba ya tafiya sai ya kunna murhu da tukunyar ruwa ya tabbatar hayaƙi na fita inda ya dace. Yana kuma auna matsin da fankar murhu ke fama da shi, domin wani lokaci bututan tun asali sun yi ƙanƙanta, ɓulolin ne ke ba su numfashi. In aka toshe ba a faɗaɗa ba, fanka ta wahala, murhu ya yi zafi fiye da kima. A gidajen da aka gina kafin 1980 kuma, wani farin abu kamar takarda da ke naɗe a mahaɗun bututu yana iya zama asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar daji a huhu. Wanda ya san aikinsa ba ya taɓa shi, sai an kira masu lasisin cire shi.

Koyo da doka

Ana shiga sana'ar ta hanyoyi da dama. Wasu ta ƙungiyar ma'aikatan kwano, inda ɗan koyo ke shekara huɗu zuwa biyar yana aiki da rana ana biyansa, yana kuma karatu a aji. Wasu ta makarantun koyon sana'a. Wasu kuma ta shirin gwamnatin tarayya na gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi don rage musu kuɗin makamashi, wanda aka kafa a 1976 bayan matsalar man fetur ta 1973, kuma ya kai ga iyalai sama da miliyan 7. Ma'aikatan wannan shiri, da suke shiga gidajen talakawa inda kuɗin gas ke cin abincin yara, suna cikin waɗanda suka fi goge hannu a awo da liƙi. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun nuna matsakaicin abin da mai gyaran na'urorin ɗumi da sanyi ya samu a 2023 ya kai kimanin dala 57,000 a shekara.

Doka ma ta biyo baya. Daga 2005 Kalifoniya ta wajabta a auna bututai a liƙe su a yankuna da dama na jihar duk lokacin da za a sauya murhu ko na'urar sanyi, kuma wani mai awo mai zaman kansa ne ke tabbatarwa. Kundin ƙa'idar tanadin makamashi na gine-gine da jihohi da yawa ke bi ya shigo da gwajin bututu a bugunsa na 2009. Bugun 2012 ya tsaurara: kada iskar da ke tserewa ta wuce lita 113 a minti ɗaya ga kowane murabba'in mita 9.3 na gidan. Da wannan, aikin da a da sai dai a yarda da bakin ɗan kwangila ya zama abin da ake rubuta lambarsa a takarda.

Ina ganin darajar wannan sana'a a nan take. Mai gida ba zai taɓa ganin mahaɗar da ke can ƙuryar saman silin ba. Mutumin da ke kwance cikin ƙura shi kaɗai ya san ko ya zagaya da hannunsa bayan bututun ko gaban kawai ya shafa. Aiki ne na amana tsantsa, kuma ɓarnar da yake gyarawa wani ne ya ci tasa amanar tun farko. Na'urar awo ta zo ta zama shaida tsakanin mai gida da mai aiki, ta kare mai gida daga maha'inci, ta kuma fitar da mai gaskiya daga zargi.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Amurka da Kanada, idan ɗaki ɗaya ya ƙi ɗumi ko kuɗin gas ya yi tsalle, kada ku yi gaggawar sayen sabon murhu. Ku nemi a auna bututai tukuna, ku nemi a ba ku lambar farko da ta ƙarshe a rubuce, ku kuma sa na'urar gargaɗin kabon monoksaid kusa da ɗakunan kwana. Mu kuma a nan, manyan otal-otal da asibitoci da ofisoshi a Abuja da Kano da Yamai suna raba sanyi ta irin waɗannan bututai, kuma da dizal mai tsada ake samar da sanyin. Masu ba da kwangilar irin wannan aiki su sa sharaɗin awo kafin a rufe silin, matasanmu masu koyon aikin sanyi kuma su koyi awo tare da liƙi.